Hagu da Dama a Ƙwaƙwalwa: Yadda Wurin Alama Ke Jan Hannu Kafin Umarni Ya Iso

A zaunar da mutum gaban kwamfuta, a ajiye masa maɓallai biyu, ɗaya ƙarƙashin yatsan hagu, ɗaya ƙarƙashin yatsan dama. Umarnin gajere ne: in ja ya fito a allo, danna na hagu; in shuɗi ya fito, danna na dama. Launin zai riƙa fitowa wani lokaci a gefen hagu na allon, wani lokaci a gefen dama, kuma tun farko an gaya masa cewa ba ruwansa da inda ya fito, launi kawai zai bi. Mutumin ya ji, ya yarda, yana kuma yin iya ƙoƙarinsa. Duk da haka, in aka tattara lokutan bayan zagaye ɗari biyu ko uku, abu guda ake tararwa: ja da ya fito a hagu ana amsa shi da sauri fiye da ja da ya fito a dama. Tazarar yawanci milisakan 20 zuwa 30 ce, a cikin martanin da dukkansa ke cin kamar milisakan 400 zuwa 500. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Kurakurai ma sun fi yawa a inda wurin alamar ya saɓa wa wurin maɓallin.

Milisakan 30 ba abin da ido zai gani ba ne, amma abin da ya sa masana suka ɗauke ta da muhimmanci shi ne ba ta gushewa. Ana samunta da sauti, ana samunta da ƙafa maimakon hannu, ana samunta wajen wanda aka bayyana masa sirrin gwajin kafin ya fara. Wannan 'yar tazara ce ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke zaɓar abin da za ta aikata, da kuma lokacin da linzaminta ke kamawa in hanyoyi biyu suka yi karo.

Maganar ta samo asali ne daga jirgin sama. Paul Fitts, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki da sojin saman Amurka, ya nazarci kurakurai 460 da aka jingina wa matuƙa a wani rahoto na 1947 da ya rubuta tare da Richard Jones, ya ga da yawansu tsarin na'urorin ne ke haifar da su. A 1953, shi da Charles Seeger suka shirya allunan fitilu iri uku da allunan amsawa iri uku, suka haɗa kowanne da kowanne, haɗi tara ke nan. Abin da ya fito fili shi ne babu allon fitilun da ya fi sauran a kan kansa, babu kuma allon amsawar da ya fi. Kowane allo ya fi aiki ne in aka haɗa shi da wanda ya yi kama da shi a tsari. Sauri yana cikin dangantakar da ke tsakanin alama da martani. Daga nan kalmar "dacewa" ta shiga fagen.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne inda wurin alamar shi ne umarnin kansa: fitila ta kama a hagu, a danna hagu, ko kuma a juya ƙa'idar a ce fitilar hagu a danna dama. Juyawar tana ƙara jinkiri sosai, kuma wannan ba abin mamaki ba ne tunda an ƙara wa mutum aikin fassara. Na biyu shi ne wanda aka buɗe bayanin nan da shi, inda wurin ba shi da wani amfani amma yana kutsowa. J. Richard Simon na Jami'ar Iowa ne ya fito da shi. A 1967, shi da Alan Rudell suka riƙa faɗa wa mutane kalmar "hagu" ko "dama" a kunne ɗaya, su danna maɓallin da kalmar ta ambata. Kalmar "dama" da ta shiga ta kunnen dama ta fi saurin samun amsa a kan wadda ta shiga ta kunnen hagu. Daga 1975 aka fara kiran abin da sunan tasirin Simon. Wannan na biyun ya fi amfani wajen nazarin linzamin tunani, wato ikon ƙwaƙwalwa na danne abin da ba a nufa ba, domin a nan ne ake ganin bayanin da ba a nema ba yana neman ƙwace hannu.

Tunani na farko da ke zuwa wa mutum shi ne jijiyoyi. Abin da ke gefen dama na gani yana fara isa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagu ne ke sarrafa hannun dama, don haka hanyar gajera ce. In kuwa hannun hagu ne zai amsa, sai saƙon ya tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren. Bayanin yana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Tun 1912 Albert Poffenberger ya auna wannan tsallakawa, kuma awon da aka yi ta maimaitawa bayansa ya nuna 'yan milisakan ne kawai, kamar uku ko huɗu. Ba za su cike gurbin 30 ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne daga gicciye hannaye. A 1971 Richard Wallace ya sa mutane suka ɗora hannun dama a maɓallin hagu, hannun hagu a maɓallin dama. Da jijiyoyi ne ke yin aikin, da tasirin ya bi hannu. Sai ya bi maɓalli. Alamar hagu ta ci gaba da hanzarta maɓallin hagu duk da cewa hannun dama ne ke danna shi, sai dai martanin gaba ɗaya ya ɗan yi nauyi saboda gicciyewar. A 1986 Lucia Riggio da abokan aikinta suka bar hannaye a mazauninsu, suka ba mutane sanduna biyu da aka gicciye, kowane hannu yana taɓa maɓallin da ke ɗaya gefen. Nan ma inda bakin sandan ya sauka shi ne abin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a matsayin wurin amsa.

Gwajin da ya fi duka bayyana lamarin shi ne na Bernhard Hommel a 1993. Mutane suna jin sauti siriri ko mai kauri daga hagu ko dama, suna danna maɓalli gwargwadon irin sautin. An haɗa wayoyin ta yadda maɓallin hagu ke kunna wata fitila a dama, na dama kuma ke kunna ta hagu. Wasu aka ce musu su danna maɓalli. Wasu aka ce musu su kunna fitila. Yatsu iri ɗaya, motsi iri ɗaya, na'ura guda. Waɗanda aka ce su danna maɓalli sun nuna tasirin Simon kamar yadda aka saba. Waɗanda aka ce su kunna fitila kuwa tasirin ya juye: sautin dama ya hanzarta danna maɓallin hagu, domin a tunaninsu aikin da suke yi shi ne kunna fitilar dama. Ashe "hagu" da "dama" da ke karo da juna laƙabi ne da ƙwaƙwalwa ke maƙala wa aiki gwargwadon abin da mutum ya sa a gaba. Kuma laƙabin na dangantaka ne: alamu biyu da duk suke gefe ɗaya na allo, ɗaya tana hagu da ɗayar, suna iya haifar da tasirin.

Bayanin da aka fi karɓa yana cewa hanyoyi biyu ne ke tashi daga alama zuwa hannu. Sylvan Kornblum da abokansa sun shimfiɗa harsashinsa a 1990, Ritske De Jong da nasa suka faɗaɗa shi a 1994. Hanya ta farko ta umarni ce: ta gane launi, ta tuna ƙa'ida, ta zaɓi maɓalli. Tana da tabbas amma tana cin lokaci. Ta biyu kai-tsaye take: da zarar abu ya bayyana a wani gefe, sai ta zaburar da martanin wannan gefen, saboda mutum ya shafe rayuwarsa yana juya ido da miƙa hannu zuwa inda abu yake. In hanyoyin sun nuna maɓalli ɗaya, hannu ya samu tallafi. In sun saɓa, sai an danne martanin da ya riga ya zabura kafin na daidai ya samu fita. Sharaɗin Kornblum shi ne dole alamu da martani su yi tarayya a siffa guda. In amsoshin ba su da hagu da dama, wurin alamar ba shi da abin da zai kama.

Inda maganar ta fi daɗi, kuma inda masu bincike da yawa ke yin sakaci, shi ne lokaci. Matsakaicin milisakan 25 yana ɓoye labari. Yadda ake tono shi ba wuya. A ɗauki lokutan mutum ɗaya na zagayen da suka dace, a jera su daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, a raba su gida biyar daidai, a fitar da matsakaicin kowane gida. A yi haka ga zagayen da suka saɓa. Sai a ɗebe gida na ɗaya daga gida na ɗaya, na biyu daga na biyu, har zuwa na biyar. A gwajin gani na hagu da dama, tazarar ta fi girma a gidajen sauri, tana raguwa yayin da martani ke yin jinkiri, a gida na ƙarshe takan kusa ɓacewa, wani lokaci ma ta juye. Wannan ya bambanta da gwajin Stroop, inda ake faɗin launin tawadar da aka rubuta sunan wani launi da ita. A can tazarar ƙaruwa take yi da jinkiri.

Fassara biyu ke takara a kan wannan raguwa. Hommel ya ce zaburar da wuri ke haifarwa tana dusashewa da kanta, kamar ƙarar da ke mutuwa. Shaidarsa ita ce in aka sa gane alamar ya yi wuya, ta yadda hanyar umarni za ta makara, tasirin yakan ragu. Richard Ridderinkhof a 2002 ya ce akwai dannewa da gangan, amma tana buƙatar lokaci kafin ta yi ƙarfi, shi ya sa martani mai sauri ke kuɓuce mata. Dusashewa kaɗai tana iya kai tazara zuwa sifili, amma da wuya ta bayyana juyewarta, kuma wannan ne ya sa bayanin dannewa ke da nauyi. Sai dai a yi hattara da mayar da siffar nan doka. In alamun suna sama da ƙasa maimakon hagu da dama, ko an gicciye hannaye, sau da yawa tazarar ba ta raguwa haka.

Kurakurai suna ba da labari iri ɗaya daga wani gefe. In aka raba su gida-gida kamar yadda aka yi wa lokutan, za a ga sun taru ne a martani mafi sauri na zagayen da suka saɓa. Mutum bai manta ƙa'ida ba, hannunsa ne ya riga ta. Masu bincike a Marseille ta ƙasar Faransa, irin su Boris Burle da Thierry Hasbroucq, sun maƙala na'urar auna lantarkin tsoka a gindin babban yatsa na kowane hannu. A zagaye da dama da aka ƙidaya a matsayin daidai, sun ga tsokar hannun da bai kamata ba ta ɗan motsa, motsin da bai kai ga danna maɓalli ba, aka katse shi, sannan hannun daidai ya amsa. Suna kiran wannan guntun kuskure. Ya fi yawa a zagayen da suka saɓa, kuma yawancinsa mai shi bai san ya faru ba. Awon lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, a saman yankunan da ke sarrafa hannaye, yana nuna abu makamancin haka: shiri ya fara karkata zuwa hannun kuskure na ɗan lokaci kafin ya juyo. A nan linzamin tunani ya zama abin da ake iya gani, gyara ne da ke aukuwa cikin ƙasa da rabin sakan, bayan an riga an fara kaucewa.

Linzamin kuma ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya daga zagaye zuwa zagaye. Gabriele Gratton da abokansa sun nuna a 1992, a wani gwaji ɗan'uwan wannan, cewa tsangwamar tana raguwa bayan zagayen da aka yi karo. A gwajin Simon abin ya fi tsanani: bayan zagaye mai dacewa tasirin yana da girma, bayan zagaye mai saɓani yakan ɓace ko ya juye. Matthew Botvinick da abokansa sun ba da bayani a 2001 cewa wani yanki a tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa, singulet na gaba, yana lura da karo, ya sanar da yankunan goshi su ƙara matse linzami. Bayanin ya samu karɓuwa, amma akwai tarko a cikinsa wanda duk mai shirya gwaji ya kamata ya sani. Da launi biyu da wuri biyu, alamu huɗu ne kacal. In mai saɓani ya biyo mai saɓani, ko dai komai ya maimaitu, ko komai ya sauya. In mai saɓani ya biyo mai dacewa kuwa, dole rabi ya maimaitu rabi ya sauya: wuri ɗaya da sabon maɓalli, ko maɓalli ɗaya da sabon wuri. Hommel da Robert Proctor da Kim-Phuong Vu sun nuna a 2004 cewa irin wannan rabin maimaici yana kawo jinkiri a kan kansa, domin ƙwaƙwalwa ta ɗaure wuri da martani a zagayen baya, sai an kwance. Don haka siffar da ake jingina wa matse linzami tana iya fitowa ko da ba a matse komai ba. Maganin da ake amfani da shi shi ne maɓallai huɗu, ana yin zagaye ɗaya a hagu da dama, na gaba a sama da ƙasa da wasu launuka dabam, ta yadda babu abin da zai maimaitu a jere.

Hanyar kai-tsaye ma tana lanƙwasuwa da horo, fiye da yadda aka zata. Mariaelena Tagliabue da abokanta a Italiya sun nuna a 2000 cewa zagaye 72 kacal na amsa hagu da dama, dama da hagu, sun isa su kawar da tasirin Simon a gwajin da ya biyo baya, kuma sauyin yana nan bayan mako guda. In kuma aka sa zagayen saɓani suka fi yawa nesa ba kusa ba, tasirin yakan juye, domin wurin alamar ya zama mai nuni da maɓallin ɗaya gefen.

Daga nan ake gane abubuwan da ke lalata gwaji. Haɗe-haɗen huɗu dole su zo daidai wa daida kuma a cakuɗe. Rabin mahalarta su amsa ja da maɓallin hagu, rabi su amsa shi da na dama. Kada a fara ba mutum aikin amsa gefe da kishiyarsa kafin gwajin Simon. Maɓallan su kasance daidai tsakiyar allo da jikin mutum, domin allon rubutu da ya karkata gefe yana sauya ma'anar hagu da dama. In aka zaunar da mutum santimita 57 daga allo, santimita ɗaya a allon yana daidai da digiri ɗaya na gani, wanda ke sauƙaƙa lissafin nisan alama daga tsakiya. Launukan su yi daidai a haske, kuma ja da kore ba su dace ba saboda masu matsalar rarrabe su. Na'ura ma tana da nata jinkirin: allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan yana tafiya ne da takun milisakan 16.7, kuma allon rubutu na gama-gari kan kai rahoto kowane milisakan 8. Wannan ba ya ɓata matsakaici in zagayen suna da yawa, amma yana ƙara hayaniya. Wajen lissafi, a cire kurakurai, da zagayen da ya biyo bayan kuskure tunda mutum kan rage gudu a nan, da zagayen farko na kowane zubi, da martanin da ya gaza milisakan 150 zuwa 200 domin wannan canki ne. Kuma a kawo adadin kurakurai tare da lokutan. Mai gaggawa yana iya nuna 'yar ƙaramar tazara a lokaci, alhali ya biya kuɗinta da kurakurai.

Babban kuskuren fassara shi ne ɗaukar tazarar mutum ɗaya a matsayin ma'aunin ƙarfin linzaminsa. Craig Hedge da abokansa sun nuna a 2018 cewa gwaje-gwajen wannan dangi suna ba da sakamako tabbatacce ga taro, amma suna da rauni wajen jera mutane ɗaiɗai: kusan kowa na nuna tasirin, bambancin tsakanin mutane kaɗan ne, kuma ɗebe matsakaici daga matsakaici yana tara hayaniyar duka biyun. Wannan na cikin abin da ya rura muhawara a kan ko masu jin harshe biyu sun fi ƙarfin linzamin tunani. Ellen Bialystok ta ba da rahoto a 2004 cewa sun fi masu harshe ɗaya a gwajin Simon, Kenneth Paap da wasu suka nemi fifikon a 2013 da bayanta ba su same shi a tsaye ba.

A wajen ɗakin gwaji, darasin ya fi shafar masu ƙera na'ura. A 1959 Alphonse Chapanis da Lionel Lindenbaum sun gwada tsari huɗu na murhu mai kai huɗu. A tsarin da aka ɗan goce da kawunan ta yadda kowanne ya yi layi da abin murɗa shi, ba a samu kuskure ko ɗaya ba a zagaye 1,200. A sauran ukun, inda kawunan ke a murabba'i su kuma abubuwan murɗawa a jere, an yi ta kunna kan da ba a nufa ba. Rubuta suna a gefen abin murɗawa yana taimakon hanyar umarni ne kawai, ba ya hana hanyar kai-tsaye zabura. A tiyatar da ake yi ta 'yar huda da kyamara, kayan aikin suna juyawa ne a bakin hudar, don haka in likita ya kai hannunsa dama, bakin abin da ke ciki ya tafi hagu. Sabon shiga yana shan wahala da wannan, kuma gwajin sanduna da na fitila sun nuna inda horo ya kamata ya dosa, wato mayar da hankali ga bakin kayan aikin a allo har shi ya zama wurin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka a matsayin martani. Haka ƙarar gargaɗi a mota ko jirgi: in tana fitowa daga gefe, sai an tantance ko tana nuna inda haɗari yake ne ko inda za a kauce, tunda gefen da ta fito zai fara jan hannu kafin ma'anarta ta iso.

Shi ya sa gwada sabon tsarin na'ura cikin natsuwa ba ya bayyana aibinsa. Mutumin da aka ba lokaci zai danne zaburar farko ya yi daidai, tsarin ya fito kamar ba shi da matsala. Sai an matsa masa da ƙayyadadden lokaci, ko an haɗa masa da wani aiki na biyu, sannan a duba kashi ɗaya cikin biyar mafi sauri na martaninsa a ƙirga sau nawa hannun ya tafi gefen da alama ta fito maimakon gefen da ake so.